Daga Hayaƙin Acaɓa Zuwa Batir: Waiwaye Kan Iskar Kano

Duk wanda ya yi zirga-zirga a Kano wajajen 2003, ba sai na ba shi labarin yadda Bata da 'Yankura suke komawa da la'asar ba. Ni a lokacin ina zuwa Kantin Kwari taya yayana tsaron shago, kuma duk ranar da na sa farar shadda, kafin in isa gida wuyan rigar ya yi baƙi, idanuna sun yi jawur kamar wanda ya yanka albasa. Mahaifiyarmu kuwa, Allah Ya jiƙanta, mai ciwon asma ce, sai da ta kai ga ta daina shiga gari gaba ɗaya.

Mafi yawan hayaƙin nan na 'yan acaɓa ne. Babura irin su Jincheng AX100 injinsu yana ƙona baƙin mai tare da fetur, wasu ma su ƙara zuba shi da gangan wai don inji ya yi ƙarko. To, mai karatu, ka lissafa dubban babura a danja ɗaya, ga hazon hunturu ya danne iska ba ta motsi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ba don lafiyar huhunmu aka kawar da su ba. Keken A Daidaita Sahu ya shigo a 2005 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, domin a raba mata da hawa bayan 'yan acaɓa. Shi kuma acaɓan, gwamnatin Kwankwaso ce ta hana shi a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Dalilin farko tarbiyya, na biyu tsaro. Shuɗin hayaƙin nan ya ragu ne a matsayin gyara kawai, irin wanda mai gyaɗa ke ɗora wa mudu.

Haka ma da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Nan da nan direbobin da ba su taɓa jin maganar ɗumamar yanayi ba suka fara tambayar inda ake juya inji ya koma gas, wasu kuma suna cigiyar keke mai batir. Aljihu ya yi abin da wa'azin masana bai yi ba.

Shin gari guda zai iya rabuwa da hayaƙi? An yi a wasu wurare. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki a ƙarshen 2017. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur a 2024, amma fa ita tana tinƙaho da madatsar ruwanta ta kogin Nilu. Mu nan ne gizo ke saƙar. Idan mai keke zai yi cajin batir da janareto, ai hayaƙin ne kawai ya tashi daga titi ya koma cikin unguwa. Shi ya sa na fi ba da gaskiya ga tashoshin musayar batir masu aiki da hasken rana, wanda kuwa ba mu da talaucinsa.

Jiragen ruwa da ke kawo mana atamfa da shadda Apapa sun fi wuyar sha'ani, domin batir ba zai tsallake da katon jirgi daga Sin zuwa Legas ba. Duk da haka, tun Janairun 2020 dokar duniya ta rage farar wutar da ke cikin mansu daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, kuma a 2023 kamfanin Maersk ya ƙaddamar da jirgin kwantena mai aiki da man metanol.

Amma daga Apapa zuwa Kwari, tirela ce ke jan kayan tana tuƙa baƙin hayaƙi, alhali layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma shi ne ya riƙa kwashe dalar gyaɗa zuwa bakin teku.