Daga Taki zuwa Awon Igiya: Wa Ke Tsara Ƙasar Wudil?

Duk wanda ya taɓa ratsa Wudil ranar Juma'a ya san halin da titi ke shiga. Tireloli sun jeru suna jiran lodin shanu daga kara, tifofin yashi na hawowa daga bakin kogi, motocin Gaya da Dutse da Maiduguri na neman hanya, ga ɗaliban jami'a a kan babura. Mukan ce cunkoso ne, mu wuce. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar inda zai kasance, ko kuma ya kamata ya yanke bai yanke ba. Tarihin wannan kujera, ta mai cewa nan gona, nan gida, nan hanyar shanu, shi muke so mu bi.

Kafin zuwan Turawa aikin ba shi da ofis, amma yana da masu shi. Ƙasa na hannun sarki a matsayin amana, hakimai na riƙe da garuruwa, dagaci da mai unguwa kuwa su ne suka san iyakar gonar kowa. A wannan yanki gidan Joɓawa, masu sarautar Makaman Kano, su aka sani da riƙon Wudil. Baƙo ya zo neman wurin noma, dagaci zai nuna masa saura ko daji. Akwai gado, akwai aro, akwai jingina. Akwai kuma wuraren da ba na kowa ba domin na kowa ne: burtali, mashaya, makiyaya, hurumin gari, maƙabarta. Ba da ka kawai ake yi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba a raya ba da kuma abin da ake keɓe wa jama'a. Ba mu ce zamanin babu zalunci ba. Mai iko yakan ƙwace. Abin lura shi ne mai yanke hukuncin yana kwana a garin, in ya ba da burtali aka nome, shanun da za su yi ɓarna ta ƙofar gidansa za su bi.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, abin da ya fara damunsu haraji ne. Nan aka samu malaman taki, waɗanda ke zagaya gona suna ƙirga takunsu, a lissafa faɗinta, a yanka wa mai ita kuɗin ƙasa. Daga baya En'e ta Kano ta kafa ofishin safiyo, aka zana taswirorin gonaki ɗaya bayan ɗaya a gundumomin da ke kewaye da birni. Mu da muke aikin manhaja abin yana burge mu: rumbun bayanai ne cikakke, da sunan mai gona da girmanta, an yi shi da ƙafa da alƙalami. Sai dai an gina shi ne don karɓa, ba don tsarawa ba. A sama kuma wani kwamiti ya zauna a Landan a 1908, dokar 1910 ta biyo baya, ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Manomi bai ji wani canji ba a ranar, dagacinsa na nan. Amma a takarda kujerar ta riga ta bar gari. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji wannan tsari, ta miƙa ikon ga minista a Kaduna.

Mai tsara gari a matsayin sana'a, da digiri da tebur da taswira, a shekarun 1960 ya bayyana sosai. Hukumar tsara birnin Kano da kewaye ta sa B. A. W. Trevallion ya shirya tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. A Kaduna Max Lock ya yi irin wannan aiki. A 1966 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tsara birane ta Nijeriya. A daidai lokacin Michael Mortimore yana nazarin karkarar da ke zagaye da Kano, yana nuna yadda manoma ke noma gona guda kowace shekara ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Wato karkarar na da nata tsarin da ke aiki. Tsarin Trevallion kuwa na birni ne. Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40, tana wajen layin. Kafin wa'adin ya cika ma, an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, an yi yaƙin basasa, kuɗin fetur ya shigo, birnin ya tsallake abin da aka zana masa.

A ganinmu, shawarar da ta fi kowace taɓa ƙasar Wudil ba mai tsara gari ne ya yanke ta ba, injiniyoyin ruwa ne. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, lokacin da fari ya addabi yankin Sahel. Aka buɗe aikin noman rani na Kadawa, aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan aka kammala madatsar Challawa a 1992. Kogunan nan biyu suna haɗuwa ne kafin Wudil, su zama ruwan da ke bi ta ƙarƙashin gadarmu ya nufi Haɗeja da Nguru. A da kogin yakan cika ya malala cikin fadama da damina, ya ja da baya ya bar laka mai albarka, da rani ya koma yashi. Bayan madatsun sai ya zama ruwan na gudana kusan duk shekara, malalar damina kuma ta ragu. Masu injin ban ruwa a gaɓar kogi sun samu, tumatirin Kura da Kadawa ya cika kasuwannin ƙasar nan, wannan ba a musu. A can ƙasa kuwa fadamun Haɗeja da Nguru suka tsuke, ciyawar kacala ta toshe magudanai, masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama suka ɗauki asarar. Masu bincike irin su Edward Barbier sun yi lissafi a shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da ake bari ya malala a fadamun ya fi kawo amfani a kan wanda ake karkatarwa zuwa manyan filayen noman rani. Lissafin ya zo bayan an gama gini. In kuma damina ta yi ƙarfi madatsun suka tumbatsa, kamar a 2001, garuruwan gaɓar kogi ne ke kwasar ruwan, har da waɗanda suka yi gini a inda kakanninsu ba za su taɓa yi ba, don sun ga shekaru ruwa bai kai wurin ba.

Sai dokar amfani da ƙasa ta 1978, ta mulkin Janar Obasanjo. Ta damƙa filayen jiha ga gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Dagaci babu sunansa a ciki. Amma je ka sayi fili a bayan gari yau, ka ga hannun wa ake nema a takardar ciniki. Doka ta cire shi, jama'a ba su cire shi ba, sai ya zama yana da tasiri ba tare da alhaki a rubuce ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa har a matakin ƙaramar hukuma. A aikace manyan ƙwararrun suna birnin Kano, idonsu na kan unguwannin birni.

Wudil kuwa ba ta jira su ba. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ta zo a 1996. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha ta fara aiki a farkon shekarun 2000, aka sauya mata suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022. An ba da kwangilar tagwaita titin Kano zuwa Maiduguri a 2006. Kowanne ya jawo mutane, mutane na neman ɗakin haya, gona ta zama fuloti. Abin da ya cike gurbin shi ne awon igiya: mai gona da dillali su ja igiya, su yanka hamsin-hamsin ko ƙasa da haka, su bar lungun da mota ɗaya ba ta iya juyawa. Ba ma zarginsu da yawa. Magada goma ne a kan gona guda, dole a raba, kuma fulotin gwamnati ba ya isa ga talaka. Amma igiya ba ta barin filin makaranta, ba ta san magudanar ruwa ba, burtalin da dokar makiyaya ta 1965 da al'adar da ta girme ta suka kare kuwa shi ake fara ci, tunda ba shi da magajin da zai kai ƙara. Garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Arewa yana rufe hanyoyin da shanun ke bi su iso shi.

Abokan sana'armu sukan ce maganin taswirar kwamfuta ce, kamar yadda Kano ta kafa KANGIS. Hoton tauraron ɗan Adam zai nuna kowane gini, gaskiya ne. Ba zai nuna cewa wancan fegin jingina ce tun zamanin kaka ba, ko cewa kwarin nan yakan cika duk bayan 'yan shekaru. Wannan bayanin yana kan dattawan da ke raguwa. A jami'ar da ke cikin garin ana koyar da tsara birane da yankuna, ana yaye ɗalibai kowace shekara, yawancinsu kuma a gidajen awon igiya suka yi zaman haya har suka gama. In sun karɓi takardunsu, Kano ko Abuja suke nufa neman aiki, ta kan gadar nan.