Mayar da Rabon Riba Cikin Jari: Nazarin Hannun Jarin MTN Nigeria Daga Mahangar Mazauna Kan Iyakar Bagudo

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi abin da ya samu ƙaramin mai saka jari da ya sayi hannun jarin kamfanin sadarwa na MTN Nigeria a 2021, ya kuma zaɓi a mayar masa da rabon ribarsa cikin jari maimakon ya karɓi kuɗi a hannu. An dogara da rahotannin kuɗi da kamfanin ya wallafa da sanarwar kasuwar hannun jari ta NGX, aka auna sakamakon da naira da kuma sefa, tunda da kuɗin biyu ake ciniki a yankin Bagudo. An gano cewa hannayen jarin sun ƙaru, amma faɗuwar naira ta cinye fiye da abin da ƙarin ya kawo a shekaru ukun farko.

Gabatarwa

Ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, inda hanyar Tsamiya ke fita zuwa Segbana. Ɗan kasuwar wannan yanki yakan sayar da naira ya saro da sefa, saboda haka kullum kunnensa na wurin 'yan canji. Ajiyarsa ta gado ita ce dabba da hatsi da fili. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna wa mutane da dama hatsarin zuba dukiya duka a fataucin ƙetare, kuma a daidai wannan lokaci sayen hannun jari ta waya ya fara sauƙi. Tambayar binciken ita ce: shin barin riba ta koma cikin jari na tsawon shekaru ya dace da mai irin wannan rayuwa?

Abin da ya faru

An sanya MTN Nigeria a kasuwar hannun jari ta Legas ranar 16 ga Mayu 2019 a kan ₦90 kowane hannu. A Disamba 2021 uwar kamfanin da ke Afirka ta Kudu ta fitar da hannaye miliyan 575 ga jama'a a kan ₦169, mafi ƙarancin saye hannaye 20, kuma ana iya saye ta manhajar waya. An yi alƙawarin kyautar hannu ɗaya a kan kowane 20 ga wanda ya riƙe nasa wata 12 bai sayar ba, iyakar kyautar hannaye 250. Mutane fiye da 126,000 suka saya.

A 2023 kamfanin ya ba masu hannun jari zaɓi a kan rabon ƙarshe na shekarar 2022, wato ₦10 kowane hannu: ko kuɗi, ko sababbin hannaye a kan ₦232.68. An ƙirƙiri sababbin hannaye sama da miliyan 641 ta wannan hanya.

Lissafi

A ɗauki mai shinkafa da ya sayi hannaye 1,000 a kan ₦169,000. Riƙewar da ya yi ta ba shi kyautar 50. Rabon ₦10 a kan dubun farko ya kama ₦10,000. Bayan cire harajin kashi 10 cikin ɗari saura ₦9,000, wanda ya saya masa hannaye 38. Ya tashi da 1,088 ba tare da ya sake zaro ko sisi daga aljihu ba. Makiyayi ya san wannan dabara tun fil'azal: wanda ya bar 'yar maraƙa a garke maimakon ya kai ta kasuwa, ita ma wata rana za ta haihu.

Sai dai haihuwar ta tsaya. A Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga kusan ₦460 har ta haura ₦1,500 a 2024. A lokacin kamfanin yana da bashi da kuɗin hayar turakun sadarwa waɗanda ke ɗaure da dala, alhali kuɗin shigarsa naira ne. Ya yi asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024. Dokar kamfanoni ba ta yarda a raba riba sai daga ribar da ta taru, don haka bayan rabon tsakiyar 2023 masu hannun jari ba su sake ganin komai ba har shekarar 2024 ta fita. Babu rabo, babu abin mayarwa.

A ƙarshen 2024 hannu ɗaya yana kimanin ₦200. Hannaye 1,088 sun kama kusan ₦217,600, ga kuma ɗan abin da ya karɓa a hannu daga sauran rabon, wanda bai wuce ₦20,000 ba. A takarda an ci riba. Amma sefa ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta bi naira ƙasa ba. Idan aka juya jarin zuwa sefa, abin da zai iya sarowa a Segbana ya ragu da kusan rabi ko fiye, gwargwadon farashin canjin da aka ɗauka na 2021. A gida ma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. Nan ne ainihin ciwon yake, kuma masu tallar hannun jari ba su cika faɗa wa mutanen karkara wannan ba, abin da ya kamata a kira shi da sunansa, wato ɓoye rabin gaskiya.

Labarin ya juya a 2025. Kamfanin ya riga ya sake yarjejeniyar hayar turaku da kamfanin IHS a 2024, hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025, riba ta dawo, farashin hannu ya ninka, aka kuma koma rabo kafin ƙarshen shekarar. Wanda ya sayar a tsakiyar wahala ya tafi da asararsa. Wanda ya daure, hannayensa 88 na ƙari sun tashi tare da sauran.

Tattaunawa da shawara

Mayar da riba na amfani ne ga kuɗin da mai shi ba zai nema ba cikin shekaru biyar ko goma. Jarin sarin kaya ba ya cikin wannan, domin mai shi zai buƙace shi da kaka, kuma da sefa zai biya. Akwai kuma matsalar takardu. Rabo ba ya isa ga mutum sai yana da lambar BVN, da asusun hannun jari a CSCS ta hannun dillali mai rajista, da umarnin biyan riba kai tsaye a banki, sunansa kuma ya zo daidai a ko'ina. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC ta bayyana a 2023 cewa ribar da ba a karɓa ba ta kai kusan naira biliyan 190, kuma bisa dokar kuɗi ta 2020, wadda ta shekara shida a ajiye tana komawa asusun amana na gwamnati. Mai kula da halacci kuma ya nemi malami ya duba masa yawan bashin ruwa da ke kan kamfani da yadda zai fitar da zakka.

Muna kira ga SEC da dillalan hannun jari su kai wayar da kai kasuwannin Bagudo, Kaoje da Tsamiya cikin Hausa, su kuma riƙa nuna wa mai saye lissafin jarinsa da naira da sefa kafin ya sa hannu.