Asalin Tangaran Da Kofin Ƙarau, Da Yadda A Ke Gane Nagari

Ku 'yan makaranta, wanda duk ya taɓa shiga ɗakin kakarsa ya ga jere, ya san kwanuka iri biyu ne. Akwai na cin tuwon yau da kullum, akwai kuma waɗanda ba a saukowa da su sai ran da babban baƙo ya sauka. Wannan al'ada ba mu kaɗai ke da ita ba. Ko'ina cikin duniya mutane sun yarda baƙo ya cancanci abin da ya fi kyau a gida. Yau muna so mu ba ku labarin abu biyu cikin kayan karɓar baƙi, watau tangaran da kofin ƙarau, don in kun gamu da tsofaffinsu a gado ko a kasuwa ku san abin da ke hannunku.

Mutanen Sin ne suka fara yin tangaran, fiye da shekara 1300 da suka wuce. Sukan haɗa wata farar ƙasa mai laushi da garin wani dutse, su gina kwanon, su gasa shi cikin wuta mai zafin gaske, wajen digiri 1300. Dutsen ya narke ya zama kamar gilashi, ita ko farar ƙasar ta riƙe siffar kwanon kada ya lanƙwashe. Garin da ya fi suna ga wannan sana'a shi ne Jingdezhen, wanda aka raɗa masa wannan suna cikin 1004. A ƙarni na 14 suka ƙware ga zanen shuɗi bisa fari, shuɗin kuwa daga ƙasar Farisa a ke kawo musu. Ibn Battuta, matafiyin nan da ya zo Takedda cikin 1353 har ya ambaci Gobir, ya ba da labarin tangaran ɗin Sin, ya ce ana kai shi Hindu har ƙasarsu ta Magrib. Attajiran gaɓar Afirka ta Gabas kuwa har manna kwanukan su ke yi jikin bango don ado, kusan kamar yadda iyayenmu ke jere.

Da Turawan Fotugal suka gano hanyar Hindu ta teku cikin 1498, tangaran ya soma isa Turai da yawa. Cikin 1603 mutanen Holan suka kama wani jirgin Fotugal shaƙe da kayan Sin, aka yi gwanjonsu a Amsterdam, daga nan fa sarakuna suka shiga gasa. Babu wanda abin ya kama kamar Sarki Augustus na Saksoni, cikin ƙasar Jamus. Cikin 1717 ya ba Sarkin Furusiya barade 600 aka ba shi tangaran 151. Ku duba fa, 'ya'yan mutane aka musanya da tuluna! Kwaɗayi in ya kama mai mulki, talakawa ke biya.

Shi wannan sarki yana tsare da wani saurayi wai shi Böttger, wanda ya yi cika baki ya ce ya iya juya ƙarfe ya zama zinariya. Shekara da shekaru zinariya ba ta samu ba, har ransa ya shiga haɗari. Sai aka gama shi da wani masani, Tschirnhaus, suka yi ta gwada ƙasa iri iri cikin wuta. Cikin 1708 suka dace. Tschirnhaus ya rasu a shekarar, cikin 1710 kuma aka kafa ma'aikata a garin Meissen, cikin wata fada mai ganuwa, aka sa wa ma'aikata ido kamar fursunoni don kada asiri ya fita. Amma ina! Kafin shekara goma waɗansu suka sulale zuwa Biyana da sanin aikin. Böttger ya rasu cikin 1719 yana da shekara 37. Ba da jimawa ba Meissen ta soma zana takubba biyu gicciye da shuɗi a gindin kayanta, don a bambanta su da na masu kwaikwayo.

Mutanen Ingila suka bi tasu hanya. Josiah Wedgwood ya kafa sana'arsa cikin 1759, ya gyara wani irin kwano mai launin kindirmo har Sarauniya Charlotte ta yarda a kira shi da sunan sarautarta. Cikin 1774 ya gama wa Sarauniya Katarina ta Rasha kayan cin abinci guda 952. Wajen ƙarshen ƙarnin kuma gidan Spode suka daidaita wani haɗi wanda kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce. Wannan tangaran ga shi fari sol, ga shi sirit, amma da ƙwari.

To, mu koma ga ƙarau. Cikin 1291 hukumar birnin Benis ta tura maƙeran gilashi duka zuwa tsibirin Murano, saboda tsoron gobara, da kuma tsare asiri. Suka daɗe babu mai ja da su. Cikin 1674 wani ɗan kasuwa na London, George Ravenscroft, ya sami takardar izinin yin sabon gilashi. Na farkon ya riƙa tsattsagewa, har ya gano zuba dalma cikin haɗin. Dalmar nan ita ta ba shi nauyi da walƙiya, ta kuma sa ya yanku da dutsen wāshi ba tare da ya fashe ba. Akwai wani abin lura a nan. Cikin 1745 gwamnatin Ingila ta ɗora wa gilashi haraji bisa ga nauyinsa, sai maƙera suka koma yin kofuna marasa nauyi. A Ailan kuwa, inda harajin bai kai ba a lokacin, aka buɗe ma'aikatar Waterford cikin 1783, ana yin masu kauri da zurfin sassaƙa. Ashe har siffar kofi tana iya gaya mana dokar da aka yi shi a ƙarƙashinta.

Yanzu ga amfanin wannan labari ga mai saye. In an miƙo muku farantin da aka ce tsohon tangaran ne, ku ɗaga shi wajen rana ku sa yatsu a bayansa. Na ainihi za ku ga inuwar yatsunku, na yumɓu kuwa haske ba ya ratsa shi. Kana ku ƙwanƙwasa shi da farce. Mai lafiya yakan yi amo kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyen tsagu kuwa sai ya ce ƙwas, ya yi shiru. Sa'an nan ku juya gindi ku duba hatimi. Tun daga 1891 dokar Amurka ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya, saboda haka farantin da ke ɗauke da sunan Ingila galibi bayan wannan shekara aka yi shi, kome rantsuwar dillali. Kada kuma hatimi kaɗai ya ruɗe ku, gama takubban Meissen an sha kwaikwayonsu. Ku duba zoben gindin, wanda ya daɗe yana aiki ba ya rasa alamar gogewa.

Shi ko ƙarau mai dalma, ya fi gilashin banza nauyi a hannu, in an taɓa bakinsa amonsa yakan daɗe, in haske ya bi ta sassaƙarsa sai ka ga launin bakan gizo. Sassaƙar hannu gefenta da kaifi, wadda aka zuba a mazubi kuwa gefenta a dakushe, wani lokaci har da layin haɗi. Amma ga gargaɗi, kada ku manta da shi. Dalma guba ce, abu mai tsami kuwa, kamar zoɓo ko tsamiya ko lemo, yana jawo ta daga jikin gilashi. A zuba wa baƙo ya sha nan take, wannan da sauƙi, amma kada a bar abin sha ya kwana ciki, kada kuma a ba yara ko mai juna biyu. Haka nan tsohon faranti wanda fentinsa ke ɓamɓarewa, a bar shi ga ado. A wanke su da hannu, da ruwa mai ɗumi, ɗaya bayan ɗaya.

Ba ma so ku karanta wannan ku raina na gida. Kakanninmu da akushi da ƙwarya mai zane suka karɓi malamai da fatake. Nupawan Bida sun shahara ga tasoshin tagulla masu zane, mutanen unguwar Masaga kuma ga ƙarau. Daga baya langa da kwanukan fenti suka shigo daga Turai da Hongkong, suka cika ɗakunan amare. Jeren nan dukiyar mace ne, ran da ta shiga matsi tana iya sayar da kwano ta rufa wa kanta asiri. Da roba ta zo, gidaje da yawa suka sayar da tasoshin gado a farashin tsohon ƙarfe, aka narkar da su, ba kuwa za su komo ba.

Saboda haka ga aikin da mu ke ba ku wannan hutu. Kowa ya je wurin kakarsa ko gwaggonsa, ya gaishe ta, ya roƙe ta ta nuna masa kwanon da ya fi daɗewa a ɗakinta. Ku tambayi wanda ya saya, da inda aka saya, da bikin da aka fara amfani da shi, ku rubuta cikin littafinku, gama kwanon da labarinsa ya ɓace rabin darajarsa ta tafi. In baƙo ya zo kuma a sauko da shi a yi amfani da shi, don abin da aka yi shi ke nan. Sai dai ku tuna, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah ya ba mu abin da za mu sauki baƙi da shi, amin.