Almajiri a Makarantar Lahadi

Daga Larabci muka aro kalmar almajiri: al-muhajir, wato wanda ya bar garinsu ya yi ƙaura. Bahaushe ya ɗora ta a kan yaron da aka kai wajen malam neman karatun allo, tun da shi ma barin gida ya yi. Yau da an ce almajiri, yaro mai roba a hannu ake gani a bakin tasha, abin takaici, an manta da karatun da ya fito nema.

A coci kuwa darajar kalmar na nan. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, almajirai yake kiran mabiyan Yesu goma sha biyu, su Bitrus da Yohanna masunta, waɗanda suka bar taru suka bi malami. Zaɓin ya dace ƙwarai.

Daga nan aka sami almajirantarwa. A majami'un ECWA da COCIN ta haɗa har da yaran Makarantar Lahadi masu haddace aya, da 'yan ajin baftisma, da iyaye a Zumuntar Mata. Dattijo mai furfura ma, in yana zama ajin nazari, almajiri ne.