Yadda Hatsi Ke Tattalin Ruwa Lokacin Fari

Kun san a gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maradi, damana gajera ce, ƙasar jigawa kuma ba ta riƙe ruwa. Idan ruwan sama ya ɗauke kwana 10 ko 15, sai ku ga ganyen hatsi ya nannaɗe da tsakar rana. Shukar tana tattalin ɗan ruwan da ya rage mata ne.

A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ganye ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi wa shuka abinci. Ta nan kuma ruwa ke fita kamar tururi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha, ta ganye yake tafiya. Kowace ƙofa tana da leɓɓa biyu. Idan akwai laima, leɓɓan su kumbura, ƙofa ta buɗe. Idan ƙasa ta bushe, shuka ta tara wani sinadari a ganye, leɓɓan su saki, ƙofa ta rufe. Nannaɗewar kuwa tana ɓoye ganye daga rana da iska.

Amma wannan dabara tana da tsada. Ƙofar da ta hana ruwa fita ta hana iska shiga, don haka girma ya tsaya. Ƙaramin hatsi yakan jure, ya farfaɗo da ruwa ya dawo. Fari mafi haɗari shi ne wanda ya zo lokacin fid da kai da bununi, domin zangarniya ba za ta cika ba.

Ku duba gona da asuba. Ganyen da ya miƙe cikin dare yana da sauran ƙarfi. Wanda ya kwana a nannaɗe, ƙishirwa ta kai masa. A irin wannan hali kada ku zuba takin zamani, ku jira laima. Ku cire ciyawa, domin ita ma da ganyenta take zubar da ruwan gonarku.

Gawo dai nasa daban ne: yakan kakkaɓe ganye da damana, shi ya sa ba ya gasar ruwa sosai da hatsin da ke ƙarƙashinsa. Ku bar shi lokacin sassabe.