Tarihin Zayyana a Ƙasar Bodinga da Shagari

Da yawa daga cikinmu mun tashi da zaton cewa zane baƙo ne, Bature ya zo da shi tare da fensir da farar takarda. To amma duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, ya sani yana tafiya ne cikin ƙasar da alƙalami ya daɗe yana rubutu yana kuma ƙawatawa.

A wajen 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna Sifawa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Bodinga a yau, bai koma Sakkwato ba sai 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna Bodinga. A shekarun nan ɗalibai suka yi ta kwararowa, ga shi babu injin buga littafi, saboda haka duk mai son littafi sai ya kwafa da hannunsa ko ya sa a kwafa masa. Nan sana'ar marubuta ta bunƙasa. Ko sunan da Malam Abdullahi ya ba littafinsa na 1813, wato Tazyinul Waraƙati, ma'anarsa ƙawata takardu, ko da yake da waƙoƙinsa ya ƙawata su.

Marubucin Alƙur'ani ba rubutu kaɗai yake yi ba. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Bayan aya biyar ya sa kumsa, bayan goma ya sa kuri, a gefen shafi kuma ya zana alamar sumuni da rubu'i da nusufi da hizifi, kowace da irin adonta. Kayan aikinsa kusan duk na gida ne: alƙalami daga karan gamba, tawadar allo daga baƙin tukunya da ƙaro, gafaka daga hannun dukawa. Takarda ce kawai ake kawowa ta Hamada, har da mai tambarin wata uku da ake yi a Italiya.

Yaya hannu yake gwanincewa haka? Amsa ita ce yau da gobe. Almajiri kullum zai rubuta allonsa, ya biya, ya wanke, ya sake. Malam yana duba hannunsa yana gyara masa, babba yana nuna wa ƙarami, ba a keɓe wani aji ba, zaure ne ko gindin itace. Wanda aka ga hannunsa ya faɗa, shi ake koya wa zayyana, wato adon da ake yi wa allon sauka, mai murabba'ai da da'irori da layuka masu saƙar juna. Da yake malamanmu suna ƙyamar surar abu mai rai, sai basirar ta karkata ga lissafi da daidaito. Wannan hannu shi ne yake zana aska takwas a ƙirjin babbar riga kafin maɗinki ya sa allura, irin adon kuma shi ake gani a fatun Sakkwato da bangon soraye.

Zanen magabata bai tsaya ga ado ba. A 1824 Bature Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya tambayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello labarin kogin Kwara. Taswirar da ya samo daga fadar Bello an buga ta a Landan a 1826 cikin littafin tafiyarsu. Ke nan kusan shekara tamanin kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, an riga an san amfanin zana ƙasa a takarda.

Da boko ya zo, Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, har da sashen sana'o'in hannu. Daga baya aka sami sashen koyar da zane a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suna cewa a ɗauki dabarar Turawa amma a zana abin gida. Abin lura, daga Kudu suka fito, suka koma ga adon kakanninsu suka yi suna a duniya, mu kuwa masu zayyana a ƙofar gida muka raba allo da fensir kamar ba hannu ɗaya ke riƙe su ba.

Ɗan Shagari, marigayi Alhaji Shehu Shagari, ya nuna mana wata hanya. Tun yana malamin makaranta, kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su koyi labarin ƙasa ta hanyar da kunnensu ya saba. Abin da ya yi da waƙa, ana iya yinsa da zayyana. Yaron da ya iya raba da'ira kashi takwas a allo ya riga ya shiga darasin lissafi, gobe kuma shi ne mai zanen gini ko injiniya.

Masu wannan sani suna tsufa, ga Alƙur'ani bugun inji ya wadata, ba kowa ke neman na hannu ba. Shawarata ga ƙungiyarmu ƙarama ce. Mu nemo malamin zayyana ko ɗaya daga ƙasar Bodinga ko Shagari, mu haɗa shi da malamin zane na makaranta, su zauna da yara yammacin Asabar, na boko da almajirai tare. Allo da tawada da fensir ba su fi ƙarfin aljihunmu ba. Mu kuma kai yaran gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato su ga aikin kakanninsu da idonsu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya ji ƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, amin.