Bindigar Gras da Alamomin da ke Jikinta

Bindigar Gras makami ce ta rundunar Faransa wadda aka fara aiki da ita a shekarar 1874, kuma ta samo sunanta daga hafsan da ya tsara ta, Basile Gras. Harsashi ɗaya take ɗauka, mai kaurin milimita 11, ana tura shi da sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a buɗe cikin bindiga sannan a mayar a kulle. Bayan fitowar bindigar Lebel a 1886, mai cin harsashi 8 da albarushi marar hayaƙi, sai Gras ta koma hannun sojojin mulkin mallaka da fataken makamai, duk da yarjejeniyar Brussels ta 1890 da ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka makaman zamani.

Ƙasar Tasawa da Mayahi ta san makaman wannan zamani ta hanya mai ɗaci, domin a 1899 rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har ta harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya dakatar da ita, a Dankori ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinta su kashe shugabannin biyu a yankin Maijirgi.

Mai nazarin irin wannan bindiga yakan fara duba gefen hagu na gidan sakata, inda aka zana sunan masana'anta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, tare da samfurinta. Rubutun 1866-74 yana nuna tsohuwar bindigar Chassepot ce, mai harsashin takarda, aka juya ta don ta ɗauki kwanson tagulla, M80 kuwa gyaran 1880 ne, lokacin da aka yanka wani tsagi da ke kawar da hucin albarushi daga fuskar maharbi idan kwanso ya fashe. A gindin bututu akwai harafin masana'anta da shekarar ƙira, a jikin ƙota kuma akwai hatimi zagayayye mai wata da shekarar da soja suka karɓe ta.

Lambar ƙira ta fi duka muhimmanci, saboda an buga ta a bututu da sakata da ƙota da banati. Masu tara kayan tarihi sun fi daraja wadda lambobinta suka dace, amma ga masanin tarihi wadda suka saɓa ba ta gaza ba, domin saɓanin shaida ce cewa an harhaɗa ta daga sassan wasu, ko a rumbun makamai ko a maƙera.